Agadas Zuwa Dirku: Ta Ƙasa Da Ta Sama

Duk wanda ya san ni a Dukawuya kafin wannan tafiya ya san ba da Habibu ake kirana ba, Lukuti ake ce mini. In na zauna a bencin mai shayi, wanda ke ɗaya gefen sai ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa. Telan unguwarmu kuwa in ya hango ni da yadi sai ya ce in koma in ƙaro. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Yayana Nasiru tela ne shi ma. Ya bar gida da niyyar Libiya, bai kai ba, ya tsaya a wani gari da ake kira Dirku can ƙuryar arewacin Nijar, ya kafa kekensa yana ɗinki. Bara, ana tsakiyar murnar sojoji sun miƙa wa farar hula mulki, kowa na manne da rediyo, sai ga wani direba ya zo Ƙofar Wambai da saƙon baka: ƙarfe ya yanki Yaya a ƙafa, ƙafar ta kumbura, ba ya iya takawa, kuma magani ya ƙi kama ta. Tun daga ranar Inna ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. Kawu Sule, ƙanenta, wanda ke kai turkuɗi, rinannen yadin nan mai sheƙi, Agadas yana sayar wa Buzaye, ya ce zai je ya ɗauko shi. Ya ce in biyo shi in riƙa ɗaukar masa kaya, ko na rage tumbi.

Kafin mu tashi na je wurin Alhaji Ɗanlami maƙwabcinmu. Shi a filin jirgin sama yake aiki, yana tura kayan alhazai tun ban san kaina ba. Bai taɓa shiga jirgi ya tashi da shi ba sai sau ɗaya da ya je Makka, amma duk duniya da awar jirgi yake auna ta.

Na ce, "Alhaji, tsakanin Agadas da Dirku akwai nisa?"

Ya tauna goro ya ce, "Wane irin nisa? Da kunnena na ji matuƙa suna faɗa. Awa biyu ba ta cika ba."

"A jirgi ke nan."

"To a me kake so? A jaki?"

Na koma gida na zauna na yi lissafi. Na yarda jirgi ya fi mota sauri, amma da nawa? Ni dai kullum ina ganin jirgi yana wucewa ta saman unguwarmu, a hankali yake tafiya kamar mai ciwon baya, sai ka gama cin rake bai ɓace ba. Motar Zariya kuwa fuu take wucewa, ko lambarta ba ka gani. Don dai in girmama jirgi, na ce ya ninka mota sauri sau biyu, ita awa huɗu ke nan. Wato in ka karya kumallo a Agadas, azahar a Dirku za ka yi ta. Na ajiye wannan ilimi a raina ban gaya wa kowa ba, don kada a ce ina nuna boko.

A Agadas aka riƙe kayan Kawu a wurin 'yan kwastan. Kullum ya je sai a ce gobe. Kawu ya ce ba inda za shi sai an saki kayansa, in an saki sai mu shirya tafiyar Dirku a tsanake.

Na ce, "Kawu, wane shiri kuma? Nan da nan ne fa."

Ya dube ni ya ce, "Lukuti, rufe mini baki."

Na rufe. Amma duk lokacin da na ɗaga loma sai in tuna Inna ta tura kwano gefe, in tuna ƙafar Yaya tana ƙara hawa alhali muna nan zaune muna jiran gobe. Wata safiya Kawu ya fita wurin kayansa, ni kuma na zaro shaddata ta Sallah na saka, da hula, da takalmi sau-ciki, da tabarau baƙi, don Yaya ya ga ƙanensa ya zama mutum. Na ce wa matar mai masaukinmu, "Baba, in Kawu ya dawo ki ce masa na je ɗauko Yaya. Gobe a ajiye mana tuwon dare, malmala huɗu, uku nawa."

Tana ta kirana, na ɗauka addu'a take yi mini, na ɗaga hannu na ce amin.

A tasha wani ɗan kamasho ya tare ni, ya dubi shaddar, ya ce, "Alhaji ƙarami! Dirku? Irinka ai sai gaban mota." Na ji daɗi na ba shi abin da ya nema. Ya kai ni gaban wata babbar mota da aka yi wa lodi har ta fi gidan sama tsawo, mutane sun zauna a kan kayan kamar tsuntsaye a kan kuka. Ya nuna mini can ƙololuwa, ta wajen goshin motar, ya ce, "Ga gaba can." Kafin in juyo ya shige cikin jama'a. Gaskiya dai gaba ne. Duk iskar da ta taso daga Libiya ni take fara gaisarwa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne jarkoki. An rataye su jikin motar ta ko'ina, kowace an naɗe ta da buhu an ɗinke, an rubuta sunan mai ita. Su bido suke ce musu. Direban ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Kano, ina bidonka?"

Na ɗaga masa kwalbar lemo da na cika da ruwa, da gurasa biyu a leda.

Ya ce, "Mi ke nan?"

Na ce, "Guzuri. Ai kafin la'asar mun isa."

Motar gaba ɗaya ta fashe da dariya, har wani ya kusa faɗowa daga sama. Ni kuwa na ce a raina, mutanen nan ba su san lissafi ba. Na gyara tabarau na hau.

Azahar ta yi, babu Dirku. La'asar ta yi, babu Dirku, babu ma bishiyar da za ka tambaya. Duwatsu suka ƙare, aka shiga rairayi, fari tas, gabas da yamma duk ɗaya. Ruwan kwalbata tun kafin rana ta take na gama da shi, gurasar kuma ta bushe har za ta iya fasa goshi. Na leƙa na tambayi direba ko mun ɓata hanya ne. Ya ce ba mu ma fara ba.

Na ce, "A tsaya in sauka! Yanzu mulkin farar hula ake, kowa yana da 'yanci."

Ya ce, "Can wurinku. Nan namu sojojin suna nan, ga su can a gaba suna rakiya. In kana so in kira maka su."

Na ce a'a, a bar su su huta.

Washegari harshena ya zama kamar tsohon takalmi. A kusa da ni akwai wata tsohuwa Babarbariya, Hajiya Falmata, 'yar kasuwa ce mai kai atamfa can ta dawo da dabino. Tun a tasha take kallona tana girgiza kai. Kakata ta wajen uba daga Barno take, amma abin da na gada na yarenta kalma ɗaya ce tak ta gaisuwa, sai zagi guda biyu. Na tattara sauran ƙarfina na ce, "Wushe, Hajiya."

Ta zaro ido. "Kai jikan wa?"

Na gaya mata. Ta ce, "Jikan Barebari bai taɓa shiga sahara da kwalba ba. Kai dai an yi musanyarka a asibiti." Sai ta kwance bidonta, ta tsiyaya ruwa a murfin, ta miƙo mini. Murfi fa, ba kofi ba. Na shanye na miƙa hannu. Ta buge hannun.

"Nan ba randar uwarka ba ce. Murfi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya in rana ta faɗi. Ka riƙe shi a baki kafin ka haɗiye. Kuma cire wannan takalmin na ango kafin ƙafarka ta dahu."

Haka na zama ɗanta. Dabino uku take ba ni da ɗan ɓallin cuku, irin busasshen nan na Buzaye da sai ka yi masa sallama kafin ka ciza. Ta yage gefen mayafinta ta naɗa mini a fuska. In na yi ƙorafi ta ce, "Ci gaba da magana, yawunka ne ke ƙarewa, ba nawa ba."

Ba zaman ne ya fi wuya ba, turin ne. Motar ba ta tafiya mai nisa sai ta nutse a rairayi. Sai kowa ya sauko, a tona ƙarƙashin taya, a shimfiɗa faranten ƙarfe, a tura, a ɗauko faranten a ruga a sake shimfiɗawa. Da direba ya ga jikina sai ya ce, "Ɗan Kano, kai ne na tsakiya." Wallahi in aka auna, rabin hanyar Dirku ni na kai motar, ba ita ta kai ni ba. Da safe sanyi kamar a cikin firji, da rana kamar an kifa maka tanda. Shaddar Sallah ta koma kalar ƙasa. Tazugen wandona kullum sai na ƙara ja.

Da muka isa wata rijiya, ruwanta ɗumi, da ɗan gishiri, da gashin raƙumi a sama, na sha na ce ban taɓa shan lemo mai daɗinsa ba. Wani bawan Allah ya ba ni tsohon bido da ke yoyo kaɗan, Hajiya ta toshe shi da sabulu. A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Na tuna kokon Ƙofar Wambai, na tuna randar Inna mai sanyi da ƙamshin jema. Har warin kwatar Jakara na yi marmari, don ko ba komai ruwa ne ke gudu. Na juya baya na yi kuka kaɗan. Hajiya ta ce, "Kai, asara! Ruwan nawa kake zubarwa?"

Kwanakin na daina ƙirga su. Ran nan da hantsi sai ga kore a gabanmu, itatuwan dabino da gidajen ƙasa. Na tambaya sau uku kafin in yarda Dirku ce.

Ban sha wuyar samun Yaya ba, kowa ya san tela ɗan Kano. Yana kwance a shagon wani abokin aikinsa, Malam Isufu, wani ƙato da sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsa. Na yi sallama. Yaya ya ɗago, ya rame, idonsa ya faɗa, ƙafar kuwa an naɗe ta da tsumma ta yi kamar turmi. Ya dube ni ya ce, "Samari, ba ma karɓar ɗinki yanzu."

Na ce, "Yaya, ni ne."

Ya ƙura mini ido. "Lukuti? Ina sauranka?"

Muka rungume juna, yana dariya yana kuka, ni ma haka, ban damu da ruwan kowa ba.

Malam Isufu ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya. Malamin asibitin garin ya yi iya yinsa, ya ce in ba a kai Yaya babban asibiti a Agadas da wuri ba, ƙafar sai yankewa, in ma an tsira da rai. A mota kuwa ba zai kai ba, na ga hanyar da idona. Akwai wani ƙaramin jirgi da ke kawo magunguna lokaci-lokaci, in zai koma yakan ɗauki mara lafiya. Amma ba ya ɗaukar kowa sai da ɗan jinya, don a asibitin can ba a karɓar mutum ba mai kula da shi. Zuwan da ya wuce Malam Isufu ya ce zai raka shi, matuƙin ya ɗora shi a sikeli, ya ce jirgin ba zai ɗaga ba, a zafin nan nauyi kaɗan yake iya ɗauka. Aka nemi wani mara nauyi, kowa ya noƙe, don wanda ya tafi a jirgi a mota zai dawo. Jirgi ya tashi ya bar Yaya.

"Jibi zai sake zuwa," in ji Malam Isufu. Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Da a ce irin yadda yayanka ke ba da labarinka kake, da ban ma fara ba. Amma wannan..."

Matar Malam Isufu ta kawo taliya da mai da yaji, kwano cike. Na miƙa hannu, Yaya ya riƙe. Ya ce, "Habibu, don Allah." Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. Na janye hannun. Ni Lukuti, na kwana biyu kusa da taliya ina kallonta tana kallona. A duk tafiyar nan babu abin da ya kai wannan wuya.

Ranar da jirgin ya sauka, muka ɗauki Yaya a amalanke zuwa filin. Jirgin bai fi motar haya girma ba. Matuƙin wani Bazabarme ne mai gashin baki, ba ya dariya. Sikelin irin na 'yan dabino ne, mai ƙugiya, an rataye shi a jikin ƙarfe an ɗaura masa buhu kamar lilo. Aka auna Yaya, aka auna akwatunan da za a mayar. Matuƙin ya sa farce a kan wani layi ya ce, "In allurar ta wuce nan, ba ka zuwa, shi ma ba ya zuwa."

Na shiga buhun na zauna. Allura ta yi rawa, ta wuce farcen da kaɗan.

Ya ce, "Sauko."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsaya!" Na cire takalmi na jefar. Na cire hula da tabarau. Na tuɓe shaddar Sallah, rairayin da ya zubo daga aljihunta ya isa a yi bulo. Allura ta ja baya, amma tana taɓa farcen.

Hajiya Falmata ta zo sallama, ta ba ni ƙullin dabino in kai wa Inna, yana cikin aljihun wandona. Matuƙin ya nuna shi. Na ce, "To bari in cinye shi."

Ya ce, "In ka ci, ina zai tafi?"

Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Hajiya ta fizge ƙullin ta ce, "Kawo, sakarai, na kai mata da kaina in Allah ya kai ni Kano." Sai ta matso kunnena ta ce, "Ka zagaya bayan katangar can ka rage abin da za ka iya."

Na ruga na dawo. Na shiga buhun, daga ni sai singileti da wando. Na fitar da numfashina duka, na ɗauke ƙafafu, na rufe ido ina salati. Sai na ji Malam Isufu ya yi kabbara da ƙarfi har jirgin ya girgiza. Allura ta tsaya a bayan farce. Matuƙin ya dube ni, gashin bakinsa ya ɗan motsa, ya ce, "Hau, kafin ka sha iska ka ƙara nauyi."

Aka kwantar da Yaya, na zauna a gefensa na riƙe masa ledar ƙarin ruwa. Da jirgin ya ɗaga na ji hanjina ya zauna a Dirku. Da na samu na buɗe ido na leƙa, sai ga saharar nan duka a ƙasa, shimfiɗe kamar tabarma, ba ta da laifin kowa. Can na hango wani ɗigo baƙi da 'yan ƙananan ɗigogi a bayansa. Mota ce ta nutse ana turi. Na ɗaga musu hannu, na ce Allah ya ba na tsakiya haƙuri. Yaya yana riƙe da hannuna, ya ce, "Inna tana cin abinci?" Na ce, "Za ta ci." Ban gama nuna masa inda nake zaton rijiyar nan take ba, sai ga hasumiyar masallacin Agadas. Awa biyu ba ta cika ba. Na ji kamar in nemi wanda zan mara.

Kawu Sule ya iso asibiti a guje, rawaninsa a hannu. Ashe tun ranar da na tafi ya bar zancen kaya, kullum yana tasha yana tambayar duk motar da ta fito daga arewa. Ya gan ni a tsaye ba riga ba takalmi, ya ɗaga hannu zai kwaɗa mini mari, sai ya hango Yaya a kan gado likitoci sun kewaye shi. Hannun ya sauko a kan kafaɗata. Ya ce, "Ɗan banza. Ɗan banza mai albarka." Ya cire babbar rigarsa ya yafa mini, na ɓace a ciki.

Ba a yanke ƙafar ba. An tsaga, an wanke, an ɗinke, likitan ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Muka yi jinya har Yaya ya fara takawa da sanda, aka saki kayan Kawu, muka kamo hanyar gida.

Da muka shigo lungunmu, Alhaji Ɗanlami na zaune a ƙofar gida. Ya ce, "Lukuti, an ce har jirgi ka hau. To awa nawa?"

Na ce, "Biyu ba ta cika ba, Alhaji."

Ya juya ga mutanen majalisa ya ce, "Kun ji ko? Ni ba na faɗin abin da ban sani ba."

Na bar shi. Amma tun daga ranar, ko aike aka yi ni aka ce wurin ba nisa, sai na tambaya: ta sama ko ta ƙasa?

Yaya ya ƙi a riƙe shi. Ya dogara sandarsa ya ratsa zaure da ƙafafunsa biyu ya yi sallama. Inna tana tankaɗe, rariyar ta faɗi. Ta taɓa fuskarsa, ta durƙusa ta taɓa ƙafar, tana ta hamdala. Can ta ɗago ta dube ni a bayansa ta ce, "Wannan yaron fa? Ku ba shi wuri ya zauna." Sai da na yi magana ta gane ni, ta sa salati, ta ce me aka yi wa ɗanta.

Da yamma ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta zauna a tsakaninmu ta ci, har ta ƙara. Ta turo mini babban kwano, malmala huɗu. Yaya ya ce, "Inna, rage masa. Wa ya sani ko za a sake buƙatarsa a sikeli?"

Inna ta ce, "Ba inda za ku sake zuwa, daga kai har shi." Ta ɗauko ta biyar ta ɗora mini.